Wuyan Rigar Bianu

Ranar da Mourtala ya fara ganin Ramata, kuran, wato wutar lantarki, ne ya ɗauke a unguwar Dagmanet tun da hantsi. A can yake da atelyensa na ɗinki, sabo fil, inda yake zana patron, wato zanen da ake bi a yanka tufafi, a ordinater, kwamfuta ke nan, wata doguwar na'ura ta buga masa shi a takarda. Ranar kuwa rabin hannun riga ta fitar ta yi shiru. Wani maƙwabci ya ce masa ya gangara tsohon gari wajen Baba Illo tela, shi ne ba ya rasa takarda mai faɗi.

Shagon ɗakin ƙasa ne a wani lungu bayan babban masallaci, inda inuwar hasumiya take kwantawa da la'asar. Ciki akwai sanyi da ƙamshin sabon yadi. Bango kuwa ba a ganinsa, don patron takardar buhun siminti sun rufe shi, rataye a ƙusoshi, kowanne da sunan mai shi da ajami.

Wata budurwa ce durƙushe a tabarma, alli a hannu, metir na awo a wuya. Ba ta ɗago ba sai da ta kai layinta ƙarshe.

"Baba ya tafi ta'aziyya," in ji ta. "Ɗinki ne?"

"Takarda nake nema. Na'urata ta tsaya, kuran ya tafi."

Ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta yi murmushi.

"Au, kai ne na Dagmanet? Wanda aka ce ordinater ne ke yi masa yanka?"

"Ni ke zanawa, shi yake taya ni."

"To ga shi ya bar ka da rana tsaka."

Ta ba shi takarda, ta ara masa alli. Nan ya durƙusa gefen tabarmar ya ƙarasa hannun rigar, kamar yadda aka koya masa a Yamai kafin ya taɓa ordinater. Layinsa ya fito daidai, amma ya daɗe yana gwaji yana sake gwaji, tana kallonsa tana danne dariya. Da zai tafi ya manta allin a aljihu, ko kuma ya ce ya manta.

Washegari ya dawo da shi, ya tafi da lambar wayarta.

Saƙonsa na farko ya shigo salularta da safe tana shara.

"Bonjour Patronne. Kuran ya dawo, amma hankalina bai dawo daga lungunku ba."

Ta karanta, ta ajiye, ta sake ɗauka. Sai bayan azahar ta amsa.

"Sannu Ɗan Kuran. Ka zo ka ɗauki abinka, shagonmu ba shi da wurin ajiya."

Daga nan suna ya bi su. Ita Patronne, wato shugabar shago, shi Ɗan Kuran.

Ya riƙa zuwa da yamma yana gaida Baba Illo, ya zauna a dakali, wani lokaci da rumman na Timia a leda. Ramata ita ce autar gidan. Yayyenta maza duk sun bi wasu sana'o'i, ita ce ta tashi a gindin keke tana tsince zare, har ta zama ita ke yanka. Hannun Baba ya soma rawa a 'yan shekarun nan, kowa a gidan ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa.

Wata rana Baba ya shiga masallaci, ta sauko wa Mourtala da wani patron daga can saman bango. Ya yi baƙi don tsufa, gefensa ya yi laushi kamar fata.

"Wannan kakana ne ya zana shi," ta ce a hankali. "Wuyan babbar rigar da ake sawa a bikin Bianu. Duk wanda ya sa ta, ko ya yini yana rawa da ganguna, ba ta zamewa daga kafaɗa. Ina ƙarama nakan zauna nan in ga maza sun cika lungun nan suna jira, 'yan gabas da 'yan yamma, suna tsokanar juna, Baba yana yanka yana dariya."

"Yanzu fa?"

"Yanzu sai tsofaffi. Samari sun ce rigar tana musu yawa, Baba kuma ba ya iya rage ta. Ni ma na gwada, in na rage sai lanƙwasar ta mutu."

Ta shiga ciki ɗauko masa shayi. Mourtala ya dubi takardar shimfiɗe a tabarma, ya ciro salula, ya ajiye metir a gefenta, ya ɗauki hoto. Bai gaya mata ba. A ransa kyauta yake shirya wa tsohon.

Da magana ta yi ƙarfi, ya turo kawunsa neman izini. Baba Illo ya karɓi baƙon da mutunci, ya ba shi shayi, ya ce zai yi shawara. Da baƙon ya fita, sai ya kira matarsa Inna Aissa da Ramata.

"Auta, ba na ƙin yaron don halinsa," ya ce. "Amma kin san teni, kayan 'yan makarantar nan da muke ɗinkawa tun kafin a haife ki? Bana wajensa suka kai. Sun ce shi yana fitar da kowane girma a yini ɗaya."

"Baba, bai san namu ba ne."

"Ko ya sani ko bai sani ba. Mutumin da bai taɓa jikin mai riga ba, ya danna maɓalli ya ce ya auna shi? Ya ɗauke min aiki, yanzu zai ɗauke min hannun da ya rage. Ranar da kika koma Dagmanet, ranar zan rufe ƙofar nan."

Inna Aissa ta ce, "Malam, ɗiya ai ba ƙusar bango ba ce da za ta tabbata a shago."

"Ban ce ta tabbata ba. Ga Issouf nan, a gabana ya koyi riƙon almakashi. Ba zan tilasta mata ba, amma da shi ne, da ban yi dogon tunani ba."

Issouf tsohon almajirin shagon ne a sana'a, wanda ya bar keke ya koma fatauci da mota ta hanyar Séguédine. Ya daɗe yana son Ramata, ita kuwa yaya take kiransa, kuma har zuciyarta haka ta ɗauke shi.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Patronne, kawu ya gaya min. Kada ki yi jayayya da Baba saboda ni. Zan jira. In ya ce in koma koyon alli a gabansa, gobe zan zo da tabarmata."

Ta amsa da ido cike da ƙwalla.

"Na sani, Ɗan Kuran. Ka yi haƙuri da shi. Tsoro yake ji, ba ƙiyayya ba."

Ana haka Issouf ya dawo daga tafiya da bandir na yadi, ya kai wasu atelyen Mourtala a Dagmanet. Yana tsaye yana jiran Mourtala ya gama waya, idonsa ya faɗa kan allon ordinater. Ya san wannan lanƙwasar, shekaru ya yi yana bin ta da alli. Ga ta nan a jere, babba da matsakaiciya da ƙarama.

Bai je wajen Baba ba, wajen Ramata ya zo.

"Ƙanwata, ba don ina son ki nake faɗa ba, ko da yake kin san ina so. Wuyan rigar kakanku na cikin na'urar yaron nan. Na gani da idona. Ke kika ba shi?"

Allin da ke hannunta ya faɗi. Ta ɗauki mayafi ta hau kabu-kabu, ba ta ko gaya wa Inna ba.

Mourtala ya miƙe da murna da ya gan ta a ƙofa, murnar ta koma ciki da ya ga fuskarta.

"Nuna min," ta ce.

Ya nuna mata.

"Yaushe?"

"Ranar da kika shiga kawo shayi. Ramata, don Baba na yi. Kin ce ba ya iya rage ta. Na so in buga masa ƙananan kafin Bianu, ya ga samari sun dawo lungun."

"Ka tambaye ni?"

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Na sauko maka da abin da ban taɓa sauko wa kowa ba. Na juya baya ka ɗauka. Ta yaya zan san zuwan da kake yi don ni ne, ba don bangon Baba ba?"

"Wallahi ban ɗinka ko riga ɗaya da shi ba."

"Goge shi. Da hoton, da komai."

"Patronne, in na goge, ba sauran wani sai takardar nan, ita kuma ta tsufa."

"Namu ne. In zai tsufa, ya tsufa a hannunmu."

Ya zauna, ya goge a gabanta, na ordinater da na salula. Ta juya ta fita. Da ta isa gida ta tarar da saƙo.

"Pardon. Kin yi gaskiya, niyya mai kyau ba ta zama izini. Ba zan dame ki ba, amma ki sani ban taɓa zuwa lungunku don takarda ba sai ranar farko."

Ta sa salular ƙarƙashin matashi, ta yi makonni tana yanka ba hira ba dariya. Inna Aissa tana kallonta, tana kallon mijinta, ta ƙi cewa komai, shirun nata kuma ya fi magana damun Baba.

A shekarun nan Bianu cikin damina yake faɗowa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, hadari ya taso daga wajen duwatsu, aka yi ruwan da tsofaffin gari suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Lungu ya zama rafi. Shagon a kulle yake, kowa yana gida. Kafin ruwan ya tsagaita su fito, indararo ya toshe, rufin ƙasa ya jiƙe ya rufta ta kusurwar sama.

Sun ceci keke da yadin mutane. Patron da ke ƙasa-ƙasa sun jiƙe, amma suna shanyuwa. Na saman bango kuwa, na kaka, laka ta haɗiye shi. Abin da Ramata ta tono bai fi tafin hannu ba.

Baba Illo ya zauna a dakali da guntun takardar a cinya. Bai yi kuka ba. Ya dai ce, "Hannun babana ke nan ya tafi."

Washegari ya shimfiɗa sabuwar takarda ya ɗauki alli. Layin ya tashi daidai, ya zo wajen lanƙwasa hannun ya yi rawa ya kauce. Ya goge, ya sake. Ramata ta karɓa ta gwada daga tunaninta, suka yanka a tsumma suka gwada wa maƙwabci, wuyan ya zame ta baya. Ga tsofaffin da suka kawo yadinsu na Bianu suna leƙowa suna jaje, ba wanda ya iya tambayar rigarsa.

A ranar ne ta gaya wa Baba duk abin da ya faru, da hoton, da gogewar.

Ya ajiye allin ya dube ta.

"Ya goge da gaske?"

"A gabana."

"Ko da ya san yana da amfani a gare shi?"

"Eh, Baba."



Mourtala ya ji labarin rufin a bakin mai shayi. Bai rubuta mata saƙo ba. Ya rufe atelye, ya shiga tsohon gari a ƙafa, yana sallama gida-gida yana tambayar wanda yake da tsohuwar rigar Bianu ɗinkin Baba Illo. Issouf ne ya gamu da shi a bakin kasuwa, ya ji abin da yake yi, ya tsaya jim, sannan ya ce, "Ba ka san gidajen ba. Zo in kai ka."

Da hantsin wata Litinin, Ramata ta ɗago kai ta ga lungu ya cika da tsofaffi, kowanne da ƙunshi a hammata. Mourtala yana can baya da jakar ordinater, ya durƙusa daga nesa.

"Baba, na yi laifi sau ɗaya, na ɗauki abu ban tambaya ba. Yau tambaya na zo yi. Waɗannan rigunan duk daga takardar nan aka yanka su. In ka yarda, mu auna su, in shigar, kai ka gyara da idonka. In ba ka yarda ba, in raka su gida."

Baba Illo ya dubi ƙunsunan, ya dubi fuskokin abokan ƙuruciyarsa.

"Auta, shimfiɗa tabarma," ya ce.

Aka kwance riguna. Wasu shuɗinsu ya koɗe, wasu suna ƙamshin adaka da turare. Kowace ta zo da labarinta. Wani ya ce a cikinta ya yi angonci. Wani ya ce tasa an ɗinka ta shekarar da baƙi suka cika gari, har wata Baturiya ta bi shi tana roƙon ya sayar mata ya ƙi. Wani ya kawo ta yayansa da ya rasu, ya ce tun da aka naɗe ta ba a buɗe ba sai yau. Inna Aissa ta aiko da shayi da cuku da dabino. Aka yi ta dariya, aka yi ta share ido da gefen rawani.

Ramata tana aunawa, Mourtala yana shigarwa. Rigunan ba su yarda da juna ba, don jiki da wanki sun ja kowace ta nata gefen. Ordinater ya haɗa su ya fitar da layi ɗaya a tsakiya. Mourtala ya ƙara girman allon har tsohon ya iya gani ba tare da ya matse ido ba.

"Ba haka yake ba," in ji Baba. "Nan ya yi tsaye da yawa. Sauko da shi."

Ya sauko da shi.

"Ya yi yawa. Mayar kaɗan. Tsaya! Kada ka taɓa."

Yatsan Baba yana rawa a iska, amma layin da ke allon ba ya rawa. Tsohon ya lura da haka, ya matso da kujerarsa kusa da saurayin har kafaɗunsu suka haɗu.

Da aka bugo takardar daga Dagmanet, Ramata ta yanka, Baba ya harhaɗa da kansa a keke. Aka sa wa mai rigar angonci, ya ɗaga hannuwa ya juya, ya taka rawa kaɗan, lungu ya ɗauki shewa. Rigar ta zauna.

Baba ya shafa wuyan da tafin hannu.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Na babana ya tafi. Amma wannan jininsa ne." Ya juya ga Mourtala. "Ƙananan da ka ce, na samari. Za su fito kafin a fara ganguna?"

"Gobe ma, Baba, in ka ba da izini."

"Na ba ka. Kuma ka ce wa kawunka ya dawo, shawarar ta ƙare."

Ramata ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida da gudu. Sai da la'asar ta ciro salula daga inda ta ɓoye ta.

"Ɗan Kuran, na yi fushi da kai da gaske. Na kuma yi kewarka da gaske. Ban san wanne ya fi yawa ba."

Amsa ta zo nan take.

"Ki ajiye fushin, Patronne, za ki buƙace shi in mun yi aure. Kewar kuma ki ba ni in riƙe."

Bianu na shekarar, samari da dama suka fito da rigar tsohon gari daidai jikinsu, suna kaɗa ganyen dabino. Ba a koma cikar lungu irin ta da ba, kuma Baba bai yi tsammanin za a koma ba. Amma an gyara rufin, ƙofar shagon ba ta rufu ba. Aka shirya cewa Ramata za ta riƙa zuwa da safe tana awo da yanka tare da shi, da yamma ta koma Dagmanet, inda ta riga ta fara koyon jan layi a allo tana yi wa malamin nata gardama.

Bayan damina aka ɗaura aure. Issouf ne ya yi jigilar 'yan biki da motarsa, yana cewa ƙanwarsa ce, ba wanda zai riga shi. Da za a tafi da amarya, aka kawo ta gaban iyayenta, hannu da ƙafa sun sha lalle, tana kuka a ƙarƙashin lulluɓi. Inna Aissa ta rungume ta.

Baba Illo ya sa aka kira ango. Ya kama hannun Ramata, ya kama na Mourtala, ya haɗa su cikin nasa masu rawa.

"Ban taɓa ba wani ajiya mai nauyin wannan ba," ya ce. "Ka riƙe ta da tambaya da shawara. Ke kuma Auta, ki riƙe shi da haƙuri. Allah Ya sa albarka a gidanku da sana'arku, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku, Ya sa ku tsufa tare kuna dariya."

Lungu ya amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa, ya saki hannayensu a hankali.